Shekara Dubu Ba Ɗaya

Ina tsaye gaban kaskon mai ina juya kifi labarin ya same ni. Ranar Alhamis ce da rana, shagon ya cika da masu aikin titi da suka zo sayen kifi da dankali. Iska kuwa tun jiya take bugowa daga bakin kogi, duk wanda ya turo ƙofa sai takardun naɗe kifi su tashi sama. Na ji wayar bango ta yi ƙara, na ji mai shagon ya ɗauka, ban kula ba. Sai ga shi a bayana. Ya karɓe matsamin daga hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Norma, cire rigar aikin nan. Zan kai ki gida."

"Me ya faru?"

"Derek ne. Ya faɗo daga kan rufi."

Na ce, "Mu a ƙasa muke. Ba mu da rufi."

Abin da na faɗa ke nan. Har yau ina jin muryata tana faɗinsa, kamar ina gyara wa mutum kuskure.

Gidajen layinmu a Wallsend, can arewacin Ingila, duk zubinsu ɗaya: ƙofa biyu kafaɗa da kafaɗa, ta hagu ta shiga ƙasa, ta dama ta hau bene. Ni da mijina Derek muna ƙasa. A sama Mavis Tulip ce, shekara talatin da 'yan kai tana taka kanmu. Mijinta ya rasu tun ɗanta Gavin yana rarrafe, mu kuma Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka rabin girman yaron a cinyata ya yi shi. A baya akwai ɗan tsakar gida na siminti da muke tarayya, da matakalar ƙarfe mai hawa zuwa ƙofar kicin ɗin Mavis.

A nan na tarar da Derek, an lulluɓe shi da jan bargo. Motar asibiti tana tsaye a lungu, ba wanda ke sauri. Tsanin da ya hau yana kwance a gicciye, ya tsinka igiyar shanya. Tayil guda iska ta ɗaga a rufin, ruwa ya fara ɗiga a ɗakin kwanan Mavis, shi ne ya hau gyarawa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a jikin jiragen ruwa, yana reto a sama da kogi, tayil ɗaya ya yi ajalinsa. Na ɗaga kai na ga Mavis a ƙarshen matakala, da silifas a ƙafa, ta toshe bakinta da hannu biyu. Muka kalli juna. Ban ce mata komai ba. Ban kuma sake ce mata komai ba har aka yi bazara, aka yi kaka, sanyi ya sake zagayowa.

Ranar jana'iza, a coci can baya Mavis ta zauna. Da aka dawo daga maƙabarta ta ajiye mini kek a bakin ƙofa, na ɗauka na mayar bakin tata, taku ɗaya ne tsakani. Ƙofar baya kuwa na kulle ta, na tura mata kabad. Shara ta gaba nake fita da ita, in zagaye layin gaba ɗaya in kai ta lungu. Wanki a kan kujeru yake bushewa. Amma ba yadda zan yi da kunnena. Da safe in ji ta sauko daga gado, in ji ta nufi banɗaki, in ji ruwanta ya bi bututu ta cikin bangona. A hankali tafiyar ta canza. Aka sami ƙarar sanda a ciki, daga baya ta koma ƙarar ƙarfen nan da tsofaffi ke dafawa suna turawa. Na ce ba ruwana.

Harkar takardu duk Derek ne yake yi. Ni na bar makaranta ina 'yar sha biyar, karatuna bai wuce na jarida ba. Sai bayan mutuwarsa na san cewa bashin da ya karɓa a kan gidan, lokacin da aka rufe wurin ƙera jirage, wa'adinsa ya cika. Mutanen bankin ba su yi mini rashin mutunci ba. Suka ce akwai wani tsari na tsofaffi, in zauna a gidana har in mutu, su ɗauki nasu bayan raina. Sharaɗin ɗaya ne, sai an ƙara shekarun gidan. In ba haka ba, sai dai a sayar. Ban gane abin da suke nufi ba, suka tura ni wurin lauya.

Lauyar sunanta Misis Dhillon, yarinya ce a wurina, ofishinta a saman wani shagon takalma. Ta karanta takardun da na kawo mata a jakar leda, ta cire tabarau.

"Misis Heslop, ba gidan kuka saya ba. Shekaru kuka saya a cikin gidan. Casa'in da tara aka rubuta tun farko, yanzu saura sittin da 'yan kai."

"Ni yanzu sittin da shida nake. Wa ya ce musu zan kai ɗari da talatin?"

"Banki ba ke yake kallo ba. Wanda zai saya bayanki yake kallo. In shekarun sun yi ƙasa haka, ba mai ba da bashi a kan gidan."

"To wa ke ƙarawa? Hukuma?"

"Mai ƙasar da gidanki yake kai."

"Wane ne shi?"

Ta ja farar takarda ta zana akwati biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta ja kibiya daga na sama zuwa na ƙasa, ta ja wata daga na ƙasa zuwa na sama.

"Misis Tulip ce mai mallakar gidanki a takarda. Ke kuma ke ce mai nata. Haka ake ɗaure gidajen garin nan, don kada ta sama ta bar rufi ya lalace, kada ta ƙasa ta bar tushe ya ruɓe. Tushe da magudanar ruwa naki ne. Rufi nata ne."

"Rufi nata ne," na maimaita.

Ta dube ni, ta sauke murya. "Na san abin da ya faru, ki yi haƙuri. Amma abin da sauƙi. Ta sa miki hannu, ki sa mata, kowa ya sami sababbin shekaru, ba wadda za ta biya wata. Ai ita ma tana buƙata. Ki hau ku yi magana yau."

"Ki rubuta mata."

"A saman kanki take fa."

"Ki rubuta mata, na ce."

Ta rubuta. Da kunnena na ji wasiƙar ta faɗa ta ramin ƙofar Mavis, don bango ɗaya ne ya raba mu. Shiru. Ta sake rubutawa, shiru. Bankin suka kira suna tambayar ina aka kwana, na ce ana kai. Suka sake kira, wannan karon muryar mutumin ba fara'a, ya ce haƙurinsu yana da iyaka.

Wata Asabar da safe na dawo daga sayen madara na tarar da Gavin a bakin ƙofa. Can kudu yake zaune, kusa da London, ya yi ƙiba, gashinsa ya fara zubewa. Tare da shi akwai wani mutum mai doguwar kwat da takalmi mai sheƙi, yana ɗaukar hoton gidan da waya. Ya ɗauki na sama, ya sauko da wayar ya ɗauki tagata har da labulena.

Gavin ya ce, "Misis Heslop."

"Tun yaushe na zama Misis Heslop? Ni na wanke maka gindi, Gavin."

Kunnuwansa suka yi ja. "Ina kwana, Anti Norma."

"Wane ne wannan mai leƙa mini taga?"

"Daga wani kamfani yake. Za su sayi na Mama. Kuɗi hannu, ba banki, ba jira."

"Kun ga wasiƙun lauyata?"

"Na gani."

"To?"

"Kamfanin sun ce a yadda gidan yake suke so. In Mama ta sa hannu a wani abu, sun fasa."

"Saboda me?"

Mai kwat ɗin ne ya amsa, yana murmushi. "Kada ki damu, uwargida. In mun saya, da mu za ki riƙa magana. Kullum muna ƙara wa mutane shekaru."

"A kyauta?"

Ya yi dariya kamar na ba shi labarin raha, ya tafi ya jira a mota.

Gavin ya matso. "An samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ni. Sun riƙe mata shi zuwa ƙarshen wata, da kuɗin gidan nan za a biya. Ba ta iya saukowa, Anti Norma. Tun bazara ƙafarta ba ta taka titi ba. Kina ƙarƙashinta, ba ki sani ba?"

"Mijina ma tun sanyin bara bai taka titi ba."

Ya juya ya kulle ƙofar uwarsa, na lura sabon makulli ne, ya shiga mota suka tafi.

Na kira Misis Dhillon daga tsaye, ko kwat ban cire ba. Ta saurara har na gama.

"In kamfanin nan ya saya, shi ne mai mallakar gidanki. Doka ta ba ki dama ki tilasta musu su ƙara, amma sai an daɗe ana ja, kuma za su yanka miki farashin da ba ki da shi. Don haka ma suke son gidan. Bankin ba zai jira ki ba. In Misis Tulip ta sayar kafin ta sa miki hannu, to ki fara tunanin inda za ki koma."

"Ki sake rubuta mata."

"Rubutu ya ƙare, Misis Heslop. Ki je ki same ta."

Na zauna a kicin ina kallon wurin. Kantar da Derek ya kafa a karkace yana rantsuwa daidai take. Tabon ƙuna a kan tebur, daga ranar da ya ajiye kasko ba faifai. Duk abin da ya rage mini nasa a jikin gidan nan yake, ba abin da za a naɗe a sa a akwati.

Ranar Litinin na ɗauko tsohon makullin Mavis da ke rataye a bayan ƙofata tun shekaru, na gwada, duk da na san ba zai shiga ba. Bai shiga ba. Na danna ƙararrawa. Na ji ta yi ƙara a sama, na ji ƙarfen turawar ya ja a hankali har bakin matakala, ya tsaya. Na duƙa na leƙa ta ramin wasiƙa. Ba abin da na gani sai matakalar a tsaye cikin duhu, da ƙafafu biyu masu kumburi a can ƙarshe. Ba za ta iya saukowa ba, ni kuma ba zan yi wannan maganar ta rami ba, layi duk yana ji.

Saura hanya ɗaya. Na koma ciki na ture kabad. Makullin ƙofar baya ya yi tsatsa, sai da na sa hannu biyu. Ana yayyafi. Ciyawa ta fito ta tsagar siminti, igiyar shanya tana nan a tsinke, ba wanda ya ɗaura ta. Ban kalli wurin da Derek ya faɗo ba, amma ƙafata ta san shi, da kanta ta kauce. Matakalar ƙarfen tana santsi. Na riƙe da hannu biyu ina hawa, ina jin yayyafin yana shiga wuyana.

Ƙofar kicin ɗin ba a kulle take ba. Warin danshi ne ya fara tare ni. Mavis ta riga ta koma kujera kusa da murhu, da bargo a cinya. Mace ce da a da sai ta karkata take shiga ƙofa, yanzu rigar sanyinta ta yi mata yawa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"In kashe ni kika zo yi, ki tafasa ruwa tukuna. Tun safe nake son shayi."

"Da kashe ki zan yi, da ban jira shekara ba."

Na ɗora buta. Na san inda kofunanta suke, na san cokali biyu take sha. Ina jiran ruwan ya tafasa na ji wata ƙara daga ciki, ɗis, ɗis, ba wuri ɗaya ba. Na tura ƙofar ɗakin kwana. Silin ya ɓarke ya zubo a kan gado, bango ya yi baƙi. Bokitai, tukwane, har da bahon da muke yi wa Gavin wanka yana jariri, duk an jera su a ƙasa suna tarar ruwa.

"Wa ke zubar da waɗannan?"

"Matar da ke zuwa yi mini wanka. Ranar da ba ta zo ba, ni, da kofi."

"Ba ki sa an gyara ba?"

"Gavin ya sha turo mutane. Da na hangi tsani nake buɗe taga in yi ta ihu har su tafi. Ba wanda zai sake hawa rufin nan a kan idona."

"Da bara kika yi wannan ihun."

Butar ta fara huci. Na zuba, na miƙa mata, na zauna a kujerar da ta fi nisa.

Ta ce, "Ni na sa shi, Norma. Ya ce a bari iska ta kwanta. Na ce masa tsufa ya kama shi, mai jiragen ruwa ya koma tsoron tsani. Da wasa na faɗa, yadda muka saba. Ya yi dariya ya tafi ɗauko tsanin."

Na yi shekara ina zaton in na ji ta faɗi haka da bakinta zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Sai ma na ga Derek ɗin yana dariyar, na ajiye kofina don kada ya suɓuce.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Kuma ban yafe ba, kada ki ɗauka shayi yafiya ne."

"Ban roƙa ba."

"Sa hannunki nake so."

"Na sani. Gavin ya karanta mini."

"To?"

Ta juya kofin a hannunta. "In na sa, kamfani ya tafi, ɗakin can ya tafi. Mai saye da kuɗin banki ba zai sayi gida mai rami a ka ba. Sai in sake yin wani sanyin a kujerar nan. Likita ya ce ƙirjina ba zai ɗauka ba. Ke ki faɗa mini, in ke ce, za ki sa?"

Gaskiya ta faɗa. Na zo da magana cike da baki, in ce mata bashi nake bin ta, in ce ta raba ni da miji yanzu za ta raba ni da gida. Amma ina kallon mace tana numfashi da ƙyar, sai maganar ta ƙi fita. Na miƙe na nufi ƙofa.

Daga bakin ƙofar nan tsakar gidan gaba ɗaya a fili yake, kamar faranti. Ni na iya toshe nawa da kabad. Ita kujerarta tana fuskantarsa, don nan ne kawai wurin da ruwa ba ya ɗiga.

Na tsaya riƙe da ƙofar ina lissafi. Ba tausayi ba ne, kada wani ya ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. In ta sauko, ba ta buƙatar ɗakin can da gaggawa. In ba ta a sama, ba mai yi wa masu gyara ihu. In an gyara, mai saye zai samu. Ni kuma in sami sa hannuna.

Na ce, "Ɗakina na gaba ba kowa. A bushe yake, ba matakala."

Ta daɗe tana kallona. "Ke da ba kya son ganin fuskata."

"Akwai ƙofa a ɗakin. Sai ki rufe."

"Minshari kike yi. Shekara talatin ina ji ta ƙasa."

"Derek ne."

"Ya mutu, Norma, kuma har yanzu ina ji."

Ban yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba, amma na saki ƙofar.

"Rufin za a gyara shi. Mutane za su hau."

Ta fara girgiza kai.

"Ba da tsani ba. Su kafa ƙarafa irin na masu gini, da katako, da shinge. Kuma ranar da ba iska."

Ta shanye shayinta. Daga ƙarshe ta ce, "Sai na yi magana da Gavin." Ba ta ce eh ba. Na sauko da wannan.

Washegari da hantsi motar Gavin ta tsaya a ƙofa. Bai hau sama ba, tawa ya buga, ya shigo har kicin ba a ce masa shigo ba. Da jaka a hannunsa, takardun kamfanin suna ciki, saura sa hannun uwarsa.

"Shekara guda ba ki ce mata sannu ba. Yau da kike son sa hannunta kin zama mai jinya."

"Haka ne. Don sa hannun nake yi."

"Ko kunya ba kya ji?"

"Kai ma don ka huta da doguwar hanya kake yi. Kowa da dalilinsa."

"In ta faɗi a gidanki fa? In numfashinta ya tsaya kina wurin suyar kifi? Can akwai masu kula da ita dare da rana. In wannan ɗakin ya kuɓuce, ban san ranar samun wani ba. Kin san wahalar da na sha kafin in same shi?"

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Na ga yaron da nake goge wa hanci, ya tsorata, kuma yana da gaskiyarsa.

"Ban sani ba. Kuma ba zan yi maka alkawarin ba za ta mutu ba. Ka hau ka tambaye ta, ai ba ta rasa hankalinta ba."

Ya hau. Na zauna a ƙarƙashinsu, hannuna a cinya. Ina jin muryoyi ta silin, ba na rarrabe kalmomin. Tasa tana tashi, tata tana ƙasa-ƙasa. Ya yi ta kai da komo daga taga zuwa ƙofa. Na ji an ja kujera zuwa tebur, sai shiru, irin shirun da ake yi in mutum yana rubutu. Na ce shi ke nan, ta sa wa kamfani. Na fara kallon kayan kicin ina tunanin wanne zai shiga ɗaki ɗaya na haya.

Can sai na ji taku a matakala, a hankali, mai nauyi, ana tsayawa a kowane hawa. Takun mutum ɗaya ne amma nauyin mutum biyu. Aka buɗe ƙofarsu, aka bugi tawa da ƙafa.

"Buɗe, Anti Norma, nauyi gare ta."

Na buɗe. Yana rungume da ita kamar jaririya, fuskarsa duk gumi, ita kuma ta ƙanƙame jakar hannunta.

Ta ce, "A hankali, ɗan nan, ba buhun gawayi ka ɗauko ba." Ta dube ni. "Na rubuta masa magungunana, ya ba ki. Ina fata kin share ɗakin."

Gavin bai kalle ni ba. Ya kwantar da ita, ya koma ya kwaso kayanta, ya fita ya kira kamfanin a waya daga cikin mota. Ta taga na ga yana magana, goshinsa a kan sitiyari.

A cikin makon Misis Dhillon ta zo gidan, tare da wani dattijon lauya da zai tsaya wa Mavis, don an ce lauya ɗaya ba ya yi wa mutum biyu. Dattijon ya ce mu ba su wuri, zai tambaye ta ita kaɗai ko an matsa mata. Na tsaya a kicin ina kasa kunne, don har lokacin kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rushe komai. Ta cikin ƙofa na ji ta ɗaga murya.

"Matsa mini? Matar da ko gishiri sai na roƙa sau biyu take miƙo mini?"

Aka kira mu. Aka ɗora takardun a kan tire a cinyarta. Ta riƙe biro, ta kai shi kan layin, ta tsaya.

"Shekara nawa kika ce?"

Misis Dhillon ta ce, "Ɗari tara da casa'in da tara."

"Dubu ba ɗaya. Wa ya cinye ɗayar?"

Ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi. Aka juyo da tiren wurina, na sa mata nawa.

Bankin suka amince. Masu gyara suka zo wata ranar da ko ganye ba ya motsi, suka kafa ƙarafansu. Ni da Mavis muka zauna a ɗakin gaba, muka ƙure ƙarar talabijin, ba wadda ta leƙa har suka sauko. Da bazara wasu sababbin aure suka sayi na sama, ni ce mai mallakar gidansu a takarda, su ne masu nawa. Gavin ya samo wa uwarsa wani ɗakin, ya zo ya ɗauke ta. Ba ta kai Kirsimeti ba. Ban je jana'izar ba, hanyar ta yi mini nisa, fure na aika.

Mutanen layi suna tambayata ko mun shirya kafin ta tafi. Ban san abin da zan ce musu ba. Mun yi watanni muna ci a tebur ɗaya, mun yi faɗa a kan tashar da za a kalla, na yanke mata farcen ƙafa. Ranar da Derek ya faɗo kuwa ba mu sake ambatonta ba, ni ban ce na yafe ba, ita ba ta tambaya ba.

Lokacin da take ɗakin gaba, da ta ji motsina da safe sai ta ƙwala mini kira ta cikin ƙofa: "Norma, da iska?" Ba ta karyawa sai ta ji amsa. Sai in buɗe ƙofar baya in miƙa hannu waje, in ce mata akwai ko babu. Yanzu ba mai tambaya. Amma kowace safiya, kafin in ɗora buta, nakan buɗe ƙofar in miƙa hannuna, in ɗan tsaya, sannan in rufe.